Camry, Accord ko Sonata: gardamar da muka shafe wata guda muna yi da Yayana

Tun bayan ƙaramar sallah Yayana ya tsiro da maganar canza mota, kuma duk wanda ya san shi ya san ba mai saurin rabuwa da abu bane. Accord ɗin nan tashi ta 2008 da ake ce wa Anakonda shekara goma sha ɗaya kenan tana hannunshi, ita ke kai yara makaranta, ita ke kai Hajiya asibiti, ita muke durawa buhun shinkafa da galan ɗin mai a but mu tafi Dambatta duk sallah. To yanzu kam ta gaji, kuma Allah ya ɗan buɗa mishi a kasuwar Kwari, sai yace wannan karon baya son tokumbo, sabuwa dal yake so a leda, ko sau ɗaya ne a rayuwa ace shi ya fara zama a kujerar. Da yake ni ne mai yawan bin labarin motoci a waya a gidan, sai ya ɗora min aikin, yace "kai dai ka dubo mana, amma ka san ni ɗan Honda ne."

Wannan maganar tashi ba ƙarama bace a Kano. Mu nan da Honda muka tashi, daga Hala zuwa Henesi zuwa Diskoshin, kafin su kuma iyayenmu Fijo suka sani, 504 ɗin da ake haɗawa a Kaduna tun kamfanin PAN na da ƙarfinshi. Camry ta daɗe ana mata kallon motar mutanen kudu da ma'aikatan banki, sai da ta 2007 da ake ce wa Masul ta zo sannan ta cika gari. Shi yasa da nace mishi mu kalli uku, Camry ta 2025, Accord wadda aka canza wa jiki a 2023, da Sonata da aka yi wa kwaskwarima a 2024, sai da ya ɗan ɓata rai da yaji na fara da sunan Toyota.

Abu na farko da na gane shine duka ukun nan ba dan mu aka ƙera su ba. Kasuwar Amurka ake kallo, Camry a Kentucky ake haɗa ta, Accord a Ohio, kuma a can ɗin ma ƙaramar mota mai but tana ta ja baya ne, kowa ya koma jif. Ford ta daina Fusion a 2020, Mazda ta janye Mazda6 daga can a 2021, Chevrolet ta rufe Malibu a ƙarshen 2024, Toyota kanta RAV4 tafi Camry fita yanzu duk da Camry ta haura shekara 20 tana gaba da duk ƙananan motoci a ciniki a can. Waɗanda suka rage a fagen sai suka dage da kyale-kyale da rage shan mai dan su riƙe sauran masu saye, kuma farashinsu ya matse waje ɗaya, lokacin da na duba duka ukun wajen dala 27,000 zuwa 29,000 ake fara su. Ba'amurke zai ga bambancin dala dubu ɗaya ya tsaya lissafi, mu kuma in ka buga dala 28,400 ta Camry 2025 mafi araha a naira 1,500 kowace dala ka samu miliyan 42 da ɗoriya, tun ba a yi maganar jirgin ruwa da kwastam da ribar mai kawowa da la'adar dillali ba. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 sabuwar mota ta zama kuɗin gida, dan haka ba abin da mutum zai shiga da ka bane.

Maganar kyau, wallahi in ido ne zai yi alƙalanci Sonata ta cinye. Wannan siririyar fitilar da ta ratsa gabanta daga gefe zuwa gefe, in ta taho da magariba sai ka juya, ciki kuma sikirin biyu ne a haɗe sun lanƙwaso gaban direba, giyar ma an maida ta jikin sitiyari, tsakiya ya zama fili. Ranar da muka je wani wajen saida motoci muka ganta, babban ɗan Yaya ko kallon sauran bai yi ba, yana ta "Abba wannan, Abba wannan." Amma da na zauna a baya sai naji gwiwata ta kusa taɓa kujerar gaba, rufin kuma ya zubo ta baya yadda mai hula zanna sai ya ɗan sunkuya kafin ya shiga. Kia K5, wadda a da ake kira Optima, ƴar uwarta ce, kamfani ɗaya ne ke sama da su, ita ma haka take, kwalliya har da ta siyarwa.

Accord kuma sai suka yi mata shigar dattawa. Dogon gaba, layi miƙaƙƙe, fitilar baya siririya, babu hayaniya ko kaɗan, wasu ma cewa suke tayi lami idan aka haɗa da ta 2018 mai zubin baya kamar motar tsere. Ni dai tayi min, irin motar da zaka je ɗaurin aure da ita da babbar riga kuma gobe ka je kasuwa ba wanda zai ce ka cika son a sani. Kuma a faɗin ciki babu mai kamo ta a ukun, kujerar baya kamar falo, but ɗinta lita 473 yake ci, na Camry 428. Mai iyali ya san wannan bambancin ba a takarda kawai yake ba, shine ko kular abinci ta shiga ko a ɗora wa yaro a cinya har Dambatta. Anti da ta zauna a bayan sai tace "Yaya ai magana ta ƙare," shi kuma yana ta murmushi dan dama abinda yake so yaji kenan.

Camry ɗin tana tsakiya. Gaban an canza shi sosai, fitilu sun yi siriri sun lanƙwasa, amma in ka kalle ta ta gefe zaka gane ƙashin ta 2018 ne aka sake wa riga, ƙofofin gaba da rufin kusan duk ɗaya. Bata burge ni a ido ba gaskiya. Abinda ya tsayar dani a kanta yana ƙarƙashin bonet.

Toyota ta yanke cewa Camry ta 2025 da ake saidawa a Amurka duk haibirid ce, wato injin fetur mai lita 2.5 da injin lantarki suna aiki tare, ƙarfin doki 225, an ma daina mai silinda shida gaba ɗaya. Ba a jona ta a wuta, wannan sai da na maimaita wa Yaya sau uku dan shi tunaninshi ya tafi kan wutar unguwarsu da bata zama, batirin da kanshi yake caji daga injin da kuma duk lokacin da ka taka birki. A gosulo irin na Kofar Nassarawa ko Kurna da yamma, inda mota ke tsayawa tana ƙona mai a banza ana kutse da ƴan adaidaita, ita injin fetur ɗin mutuwa yake yi, esi na cigaba da aiki da batir. A ma'aunin gwamnatin Amurka mafi arahar cikinsu tana yin wajen kilomita 21 da lita ɗaya, Accord mai fetur zalla kuma wajen 13 da rabi. Ni ban yarda za a samu 21 a Kano da zafin Afirilu da esi a ƙure ba, sai na yi lissafi da 16. Yaya yana cin wajen kilomita 40 a rana tsakanin makarantar yara da kasuwa da gidan Hajiya, Anakonda na sha mishi lita biyar, wannan zata sha biyu da rabi. Tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023 mun ga lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, to in ka buga a dubu ɗaya, kusan naira dubu ɗari tara kenan a shekara da zata zauna a aljihunshi. Da sabuwar Accord tazarar bata kai haka ba amma tana nan, kullum, har ranar da za a saida motar.

Sai muka ɗauki maganar muka kai wa makanikenmu a Kofar Ruwa, dan a garin nan duk motar da Kofar Ruwa bata sani ba wahala ka saya da kuɗinka. Yana jin kalmar batir ya girgiza kai yace "Alhaji ka rufa wa kanka asiri, ranar da ya mutu wa zai taɓa maka?" Kuma ban ga laifinshi ba, batirin haibirid wuta ce mai ƙarfi da zata iya kashe mutum, ba aikin kowane rewaya bane, sai mai na'urar da ake jonawa ta karanto matsala kuma ya san abinda yake karantawa. Sannan batirin a ƙarƙashin kujerar baya yake, iskar cikin mota ce ke sanyaya shi ta wata ƴar kafa mai matata, in ƙurar hunturu ta toshe ta ba a share ba zai dinga zafi, zafi kuma shine ajalinshi. Wannan abin kula ne na gaske ga mai zama a Kano. Amma Toyota tun Prius ta 1997 take wannan harkar, ba gwaji take yi a kanmu ba, kuma masu gyaran suna ƙaruwa tunda tsofaffin Camry da Lexus haibirid sun fara shigowa tokumbo.

Abinda na ce wa Yaya a gaban makaniken shine, kar ya ɗauka Accord ta yanzu irin Anakondarshi ce mai haƙuri. Injinta ƙarami ne, lita 1.5 da tarbo, wato na'urar da ke tura ƙarin iska cikin inji dan ya ƙara ƙarfi, ƙarfin doki 192, giyarta kuma CVT ce mai bel ba irin wadda muka saba ba. Injin nan siririn baƙin mai 0W-20 yake so, kuma a kan lokaci, ba kaurin 20W-50 da ake ɗura wa kowace mota a bakin titi ba, giyar ma man ta daban ne, in aka zuba mata na tsohuwar otomatik an gama da ita. Ga maganar fetur ɗinmu da ba kullum yake da kyau ba, tarbo kuma baya son wasa. Dan haka tsoron da ake ji wa Camry, ita ma Accord tana da nata, kawai dai sunan Honda ne yake kwantar mana da hankali. Akwai Accord haibirid mai ƙarfin doki 204, kuma tana da daɗin tuƙi, amma tun farko ta haura dala 31,000, ka ga an koma kan batirin da ake gudu da ƙarin kuɗi a sama.

Abin da zai ba ka mamaki, a wajen sauƙin inji Sonata ce tafi kusa da abinda makanikenmu ya iya, lita 2.5 ba tarbo, giya takwas ta gargajiya. Matsalarta a kasuwa take. Garantin shekara 10 da Hyundai ke tallata ta dashi a Amurka baya biyo mota zuwa Kano in daga can aka sayo, kayan jikinta kuma irin fitilar nan mai kyau in ɗan adaidaita ya goge ta sai dai ayi oda a jira. Kuma mutane basu manta da kiran da kamfanin ya yi a 2015 na a maido da Sonata ta 2011 da 2012 a duba su kan matsalar inji ba, duk da injin yanzu wani ne daban, dillali ba zai tsaya yi wa mai saye wannan bayanin ba, farashi kawai zai karya. Ɗan kasuwa kamar Yaya mota a wajenshi ajiya ce, ranar da kaya suka iso kuɗi suka yanke zai so ya kira dillali da safe kafin la'asar an biya, Toyota ce ke yin haka, Honda na bin ta, Hyundai sai an yi ta cigiya.

Abu ɗaya da duka ukun suka faɗi a wajena shine tsayi daga ƙasa, kusan santimita 14 ne kacal. Ga tudun rage gudu da kowane layi ke ginawa yadda yaga dama, ga ruwan Agusta da ke kwanciya a hanyoyi, in mutum biyar suka zauna da kaya a but cikinta sai ya daki ƙasa. Nan ne na gane dalilin da yasa abokan Yaya duk suka koma Highlander da RAV4, wasu ma jif ɗin Chana irin GAC da Changan da ake samu sababbi da garanti a nan gida. Na kawo mishi wannan, yace shi Hajiya bata iya hawa doguwar mota saboda gwiwa, kuma dan ita ake rabin tafiye-tafiyen. Daga nan ban ƙara tada maganar jif ba.

Ni dai Camry na zaɓa mishi, kuma na faɗa mishi dalilina ba ɓoye-ɓoye, mai da zata rage da kuma kuɗinta da zai dawo ranar saidawa sun fi min faɗin kujera nauyi. Na kuma ce in batirin ne ya tsaya mishi a rai, Camry ɗin da ake kaiwa ƙasashen Larabawa har yanzu akwai mai fetur zalla, kuma dama dan zafi irin namu aka shirya ta. Shi kuma har yau in ya tuna yadda Anti ta miƙe ƙafa a bayan Accord sai yace "anya kuwa." Jiya da daddare ya kira dillalin a gabana yace ya kawo mishi farashin biyun, fara ko ruwan toka, da takardun kwastam cikakku, kuma ranar Juma'a bayan masallaci zamu ɗauki Hajiya mu je ta shiga kowacce ta fita, ta faɗi wadda gwiwarta tafi amincewa da ita. Anakonda kuma yace ba zai saida ba, ita zata cigaba da zuwa Dambatta da damina.