Ampilin da ya dace da kunnena da zafin Maraɗi

Kwali ne ya ruɗe ni a sayen farko na ampili, wato na'urar da ke ƙara ƙarfin sauti ta tura wa lasifika. An rubuta wat 2000 da manyan baƙaƙe, ga fitilu ja da shuɗi a gaba. Na rungumo shi a bayan kabu-kabu har gida, unguwar Zariya, ina jin na yi sayayya. Mako bai cika ba na gane ciwon kai na sayo. In kalangu ya shigo sai ka ce faranti ake bugawa, muryar mawaƙi ta sirance tana sukar kunne, bayan rabin awa da hannunka za ka rage. Daga baya na san lambar nan ta PMPO ce, wato ƙololuwar ƙarfi na ɗan ƙiftawar ido, ta talla. Ta gaskiya ita ce RMS, wato ƙarfin da ampili ke iya bayarwa a kai a kai, nawa kuwa bai kai ko kusa ba.

Abin da nake so ba ƙara ba ce. Ina son murya ta fito da kaurinta, gurmi ya yi zaƙi, amma kuma in ji yatsa na taɓa tsirkiya, in ji inda mai karatu ke jan numfashi. Masu wannan harka a Turai "ɗumi" suke ce wa taushin nan. Matsalar ita ce sau da yawa in ampili ya yi taushi sai ya lulluɓe ƙananan sautuka, kamar an rufa wa lasifika bargo. Ampili masu kwalabe irin na da, wato ƙananan bututun gilashi da ke ƙara ƙarfin sauti, sun yi suna wajen zaƙi, amma kwalba na ƙarewa, kuma a nan ina za ka samo ta? Na tsaya kan masu tiransista, wadda ta maye gurbin kwalba.

Wani abokina da ya daɗe a Faransa ya ara mini nasa, irin wanda ake kira aji A (ana kasa ampili aji-aji bisa yadda suke amfani da wuta). Gaskiya ban taɓa jin abu mai daɗinsa ba. Kuskurena watan Afrilu na aro shi, lokacin da zafin Maraɗi ke haura digiri 40. Aji A kuran yake sha iri ɗaya ko ana kiɗa ko an yi shiru, kuma yawancin abin da ya sha zafi yake zama. Ƙarfen jikinsa ba ya taɓuwa. Rana ta uku uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, murhu ka kawo mana ɗaki?" Ɗumin da na nema na same shi, har ya yi yawa. Na mayar masa da abinsa tare da godiya.

Na gwada wani ƙarami na aji D. Waɗannan kusan kashi 90 cikin ɗari na wutar da suka sha sauti take zama, ba sa zafi, mai sola zai ji daɗinsu. Sautin tas, sai dai a lasifikuna ya yi mini rama. Akwai masu kyau a cikinsu, wanda ya zo hannuna ne bai yi mini ba.

Dattijon da ke gyaran rediyo kusa da babbar kasuwa ne ya daidaita mini tunani. Ya jawo wani tsohon NAD 3020 daga ƙarƙashin tebur, ya hure ƙura. Na ce, "Baba, wat nawa?" Ya ce ashirin kowane ɓangare. Na yi dariya. Ya ce, "Ɗana, tafi da shi ka saurara a ɗakinka, da kunne ake sayen wannan abu."

Ampilin nan a 1978 ya fara fitowa, aji AB ne, wato tsaka-tsaki: yana ɗan ɗumama amma ba ya zama murhu. Wat ɗinsa kaɗan ne a takarda, amma yana iya tura lasifika mai om 4, wato mai jan wuta da yawa, ba tare da ya shaƙe ba. Baba ya nuna mini wani lissafi da ban manta ba: in ka ninka wat, desibel 3 kawai ka ƙara a ma'aunin ƙarar sauti, abin da kunne zai ji ɗan ƙari ne. A ɗaki mai mita huɗu da biyar, ashirin ta ishe ni har maƙwabci ya sani.

Kafin in biya, abu biyu ya sa na yi. Na farko, duba rubutun da ke baya. Kayan gwanjo daga ko'ina suke zuwa: na Japan bolt 100 ne, na Amurka 120, mu kuwa 220 muke. Jona na Japan kai tsaye, hayaƙi za ka gani. Na biyu, canza kondansatar, wato 'yan gwangwanayen da ke tara wuta a cikin ampili. Masu ruwa a ciki bushewa suke da tsufa, kuma duk ƙarin digiri 10 na zafi yana raba kwanansu biyu. Ampilin da ya shekara arba'in, wani taushin da kake ji gajiya ce kawai. Da aka sa sababbi zaƙin bai tafi ba, ƙananan sautukan ne suka farka.

Abin da ya ba ni kunya, rabin sukar kunnen nan laifin ɗakina ne. Ƙasa karo (tayil), bango siminti, sauti na ta karo da juna. Na shimfiɗa darduma mai kauri, na rataya labule, na jawo lasifikun kamu biyu daga bango. Ko tsohon mai fitilun ya ɗan yi hankali a haka, ko da yake bai tsira ba, na ba ƙanena yana kai shi biki.

Yanzu ampilin na kan kanta shi kaɗai, ba a ɗora masa komai, a bayansa akwai regilatar saboda hawa da saukar kuran. In an ɗauke wuta nakan kashe shi, kada ta dawo da ƙarfi ta same shi a kunne. Da hunturu kuwa, duk Juma'a bayan masallaci sai na bi ramukan samansa da burushi, don ƙurar Maraɗi ba ta neman izini.