Abin da hunturun arewacin Italiya ya koya mini

Kwas ɗin sarrafa abinci da na yi a birnin Parma ya faɗo ne a tsakiyar hunturu, kuma rabin karatun a hanya ake yinsa, domin an tsara mana ziyarar masana'antu da gonaki a garuruwan da ke kwarin kogin Po. Wannan kwari shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce da duwatsun Alp suka tare ta arewa, na Apenin kuma ta kudu, saboda haka iska ba ta samun mashiga, laimar kogi sai ta kwanta a kan ƙasa ta zama hazo fari mai sanyi wanda kan yini bai washe ba. Akwai safiyar da direba ba ya ganin motar da ke gabansa sai fitilarta. Mutanen yankin ba sa wasa da wannan hazo, musamman ma tun hatsarin filin jirgin saman Linate na Milan a watan Oktoba na 2001, inda jirage biyu suka yi karo a kan titin tashi mutum 118 suka rasu. Don haka idan aka ce an jinkirta tashi ko an karkatar da jirgi zuwa wani gari, fasinja ɗan ƙasa yakan nemi wuri ya zauna ne kawai, mu baƙi ne ke ta kai da kawo a gaban teburin ma'aikata.

Darasin farko na tafiya ne, kuma ƙa'idojinsa a rubuce suke ga wanda ya nema. Daga 15 ga Nuwamba zuwa 15 ga Afrilu, hanyoyi da dama suna wajabta wa mai mota ya sa tayoyin hunturu ko ya ajiye sarƙar taya a cikin motarsa, wanda ya yi hayar mota bai duba wannan ba kuwa tara na jiransa. Yajin aikin ma'aikatan sufuri abu ne da aka saba da shi, amma ana sanar da shi tun da wuri, kuma a ranakun aiki jiragen ƙasa na yanki suna ci gaba da tafiya daga ƙarfe 6 zuwa 9 na safe da kuma daga 6 zuwa 9 na dare. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004 ta ɗora wa kamfanin jirgin sama ciyar da fasinja da ba shi masauki idan an soke tafiyarsa, ko da yanayi ne sanadi, sai dai a irin wannan hali babu diyyar kuɗi. Wani kamfani ya taɓa barin mu a filin jirgi har dare ya raba ba tare da bayani ba, kuma abin da ya sama mana ɗakin kwana shi ne wata abokiyar karatunmu da ta san wannan doka ta karanta musu ita cikin natsuwa.

Jinkirin ne ya riƙa ajiye ni a ƙananan garuruwan da ba su cikin jadawali, kuma a gidajen abincinsu na fara son ƙasar. A can cin abinci yana da lokaci. Madafa takan rufe wajen ƙarfe biyu da rabi na rana, ba ta sake buɗewa sai bayan bakwai na yamma, wanda jirginsa ya iso tsakanin nan sai ya haƙura da burodi da kofi. Da farko na ɗauki wannan a matsayin rashin son ciniki, daga baya na fahimci cewa mai girkin da iyalinsa su ma suna zama su ci, kuma miyar dare sabuwa ake dafawa, ba ta jiya ake sake sayarwa ba. Ga Musulmi, Parma gari ne da sai an yi tambaya, domin naman alade na cikin abin da garin ya fi alfahari da shi, yana shiga romo da cikin taliyar da ake cusa wa nama, ana kuma zuba giya a wasu girke-girken shinkafa. Ban taɓa ganin wanda ya ɓata rai don na tambaya ba. Sau da yawa ma mai gidan kan fito da kansa ya kawo mini tortelli, taliyar da aka cusa wa ganye da cuku mai laushi aka malala mata man shanu, ya tsaya yana jiran ya ji ra'ayina.

A irin waɗannan zama ne na gane abin da na fi ɗauka da muhimmanci a duk kwas ɗin, wato cewa duwatsu da sanyin da ke hana mu tafiya su ne suka gina abincin da muke yabawa. Italiya ba ta zama ƙasa ɗaya ba sai a 1861, kuma kafin a huda duwatsu, dusar ƙanƙara takan rufe ƙauyen kan dutse na tsawon makonni, kowa ya ci abin da ya adana. Yau jirgin ƙasa mai sauri yana haɗa Bolonya da Fulorens cikin ƙasa da minti 40, kusan duk tafiyar a ƙarƙashin dutse, a layin da aka buɗe a 2009, amma har yanzu tukunyar garuruwan biyu daban take: a Bolonya taliyar ƙwai da man shanu ne, a Fulorens kuwa man zaitun da wake da burodi marar gishiri, wanda idan ya bushe ake jefa shi cikin miyar kabeji mai duhu a sake tafasawa. Mazauna tsaunukan da ke tsakani, inda alkama ba ta yi sosai, garin 'ya'yan wani itace mai suna kastanya suka dogara da shi. A arewa kuma akwai polenta, wadda duk wanda ya tashi da tuwon masara zai gane ta tun daga yadda ake tuƙa ta. Tarihinta ba mai daɗi ba ne duka, domin a ƙarni na 19 talakawan da ba su da abin ci sai ita sun sha fama da cutar pelagra, wadda ƙarancin sinadarin niyasin ke haddasawa.

Cukun Parmigiano Reggiano ma dabara ce ta ajiye madara. Ana buƙatar kimanin lita 550 kafin a samu dunƙule ɗaya mai nauyin kilo 40 ko kusa da haka, ba a kuma ba shi wannan suna sai ya shekara aƙalla a rumbu an duba shi ta hanyar ƙwanƙwasawa da ƙaramar guduma. Darajarsa ta kai akwai banki a yankin da ke karɓarsa a matsayin jingina. Busasshen kifin Norwe da mutanen garin Bicenza ke dafawa da madara shi ma ana danganta zuwansa da wata mummunar tafiyar hunturu, ta Pietro Querini, ɗan kasuwar Benis da jirginsa ya tarwatse, shi da tsirarun mutanensa suka tsira a tsibiran Lofoten na ƙasar Norwe a farkon 1432, ya komo gida da kifin. Italiya da Najeriya suna cikin manyan masu sayen wannan kifi har yau.

Abin da ya kai ni can tumatir ne, kuma na tarar da masana'antunsa shiru, domin ana girbi ne daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba. Na yi zaton an kawo mu a lokacin da bai dace ba, sai wani injiniya ya nuna mana injinan da aka kwance gunduwa-gunduwa ana wankewa ana sauya abin da ya ci, ya kuma bayyana cewa a watannin sanyi ne ƙungiyoyin manoma da masu masana'antu ke zaman tattauna farashi da yawan abin da za a noma, domin manomi ya san mai saye kafin ya dasa. Na tuna yadda kwandunan tumatir ke ruɓewa a bakin titi a Kadawa idan kaka ta yi, bayan 'yan watanni kuma farashi ya gagari magidanci. Injinan ana iya sayo su da kuɗi. Abin da ya fi wuyar samu shi ne wannan zama na kafin shuka da kuma cika alƙawarin da aka ɗauka a cikinsa, kuma a kan haka na gina rahoton da na miƙa wa wurin aikina, inda na ba da shawarar a fara da rijistar manoma da yarjejeniyar farashi kafin a yi maganar sayen kowane inji.