Abin da jajin 'Yan Taru ta koya mini game da waƙa

A jami'a an koya mana raba waƙoƙin ƙarni na 19 gida-gida: ga wa'azi, ga madahu (yabo), ga marsiyya (waƙar makoki). Rabon yana taimako a ɗakin jarrabawa. Amma sai da bincike ya kai ni wajen tsofaffin mata 'Yan Taru, ƙungiyar karantar da mata da Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ta kafa, a nan Sakkwato na fahimci aikin da waƙoƙin suke yi a zuciyar mai sauraro.

Ɗauki waƙar Tabbat Haƙiƙa. Shehu Usmanu ya tsara ta da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa. Abin da ya fi girgiza ni shi ne waɗanda aka nufa da ita. Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi tun 1808, mulki ya dawo hannun jama'ar Shehu, sai ga waƙa tana gargaɗin su kansu: mai mulkin da ya zalunci talaka, alƙalin da ya karkata hukunci, wanda ya ci haƙƙin wani, kowa wuta na jiransa. Mutumin da ya ci nasara yakan so a yi masa kirari. Nan kuwa an hana shi barci, kuma daga cikin gida aka hana shi.

Hannun da ya fassara wannan gargaɗi shi ne ya rubuta marsiyyar Muhammadu Bello bayan rasuwarsa a Wurno a 1837. Asma'u ba ta ɓoye zafin rashin ɗan'uwanta ba. Ta faɗe shi tukuna, sannan ta kai kukanta ga Allah.

Wata ranar ziyara kusa da Hubbare, makwancin Shehu, wata jaji, wato malama mai jagorantar 'Yan Taru, tana rera baitocin ta'aziyya na wannan marsiyya, muryarta na rawa saboda tsufa. Gefenta akwai matar da 'yan bindiga suka kashe wa miji a gabashin jihar. Ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na motsi. Na matsa zan ba ta haƙuri, jajin ta riƙe mini hannu.

"Bar ta, ɗiyata. Wadda tar rubuta waƙag ga ma ta yi kuka."

Na ce, "To, Inna." Sai da aka kai ƙarshe matar ta buɗe fuska ta amsa addu'a tare da kowa. A ganina baitin ya ba ta abin da gaisuwar makoki ba ta ba ta ba, wato izinin jin ciwonta a gaban mutane.

Yanzu da nake koyarwa a sakandaren 'yan mata, a mako ɗaya nake kawo waƙoƙin biyu, kuma rerawa nake yi, don karatun baki yana kashe su. Kwanan baya wata ɗaliba ta tambaye ni ko gargaɗin alƙalin ya shafi mai gyaran jarrabawa. Na ce ya shafe shi, har da ni da ke riƙe da jan biro.