Ba Sanyin Madara Ne Ke Cutar da Jariri Ba

Ƙannena masu sabon goyo, da yawanku kuna tambaya ko za a iya ba jariri madarar gwangwani ta jarirai, wato ta gari, da sanyinta. Amsar ita ce, madarar da aka haɗa bisa ƙa'ida, aka sanyaya ta nan take, aka ajiye ta a firij, ba ta cutar da lafiyayyen jariri don kawai ya sha ta da sanyi. Sanyin ba ya rage mata amfani, kuma ba ya kawo mura, domin ƙwayar cuta ce ke haddasa mura. Wasu jariran sun fi son ta da ɗumi saboda nonon uwa yana fitowa da ɗumin jiki, wajen digiri 37 a ma'aunin Celsius, wasu kuma ba ruwansu. Nonon uwa zalla a watanni 6 na farko shi ne mafi alheri, amma wadda lalura ta sa ta koma ga madara tana da haƙƙin sanin inda haɗarin yake.

Lokacin goyona na fari, tsoron sanyi ya sa ina haɗa fida tun farkon dare, in naɗe ta da tawul, in tsoma ta cikin kwanon ruwan ɗumi kusa da gado, don kada 'yata ta farka ta tarar da madara ta huce. Idan ta sha ta rage, sai in mayar da ragowar cikin ruwan in jira farkawarta ta gaba. Da gudawa da amai suka kama ta har ta yi laushi, ma'aikaciyar jinya ba ta tambaye ni ko madarar da sanyi take ba. Cewa ta yi, "Maman yarinya, tun yaushe kika haɗa wadda ta sha?" Ashe gudun gara na yi na tadda zago.

Garin madara, ko da gwangwanin sabo ne a rufe, ba a tsarkake shi daga ƙwayoyin cuta gaba ɗaya ba. Wani lokaci akan sami ƙwayoyin cutar da ake kira Cronobacter ko Salmonella a ciki, 'yan kaɗan da ba sa yaɗuwa muddin garin yana bushe, amma da zarar ya haɗu da ruwa ya zauna da ɗumi-ɗumi, sai su hayayyafa cikin sauri. Kamuwa da Cronobacter ba ta da yawa, sai dai idan ta faru tana iya shiga jini ko ta jawo sanƙarau, kuma ta fi barazana ga jaririn da bai kai wata 2 ba, da bakwaini, da wanda garkuwar jikinsa ba ta da ƙarfi. A 2022 an janye madarar jarirai mai yawa daga kasuwa a Amurka bayan rahoton jariran da suka kamu da ita.

Bayan na fahimci cewa sanyi ba laifi ba ne, sai na so in zarce gona da iri, na fara kaɗa garin da ruwan da ya riga ya huce sarai. Wannan ma ba daidai ba ne, domin shan madara da sanyi daban, haɗa ta da ruwan sanyi daban. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2007 tare da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a haɗa garin da ruwan da zafinsa bai gaza digiri 70 ba, saboda wannan zafin ne ke kashe ƙwayoyin. Ku wanke hannu, ku tafasa fidar, ku tafasa ruwa ku bar shi ya ɗan huce, amma kada ya wuce minti 30. Ruwan ake fara zubawa daidai awo, sannan garin, a shafe kan cokalin ba tare da an danna ba. A girgiza, a tara fidar a ƙarƙashin famfo don ta huce, ba tare da ruwan ya taɓa bakinta ba, sannan a ɗiga kaɗan a cikin tsintsiyar hannu don a ji zafinta kafin a ba yaro.

Madarar da aka haɗa ba ta wuce awa 2 a waje. A firij mai sanyin digiri 5 ko ƙasa da haka tana iya kaiwa awa 24, a can ciki ba a jikin ƙofa ba, kuma idan wutar lantarki ta ɗauke na tsawon lokaci, wannan lissafin ya rushe. Ragowar da jariri ya sa wa baki kuwa zubarwa ake yi, domin miyansa ya riga ya shiga. Na san zafin zubar da madarar da aka sha wahala aka saya, shi ya sa nake ba ku shawarar haɗa kaɗan, idan bai ƙoshi ba a ƙara. Wadda jaririnta ya ƙi mai sanyi ta tsoma fidar cikin ruwan ɗumi, sau ɗaya tak, kada ya wuce minti 15. Kada a sa ta a maikurowef, domin yakan bar wani sashe da zafin da zai ƙona bakin yaro alhali jikin fidar bai nuna ba.

Da dare, abin da ya fi sauƙi shi ne ajiye tafasasshen ruwa a filas mai riƙe zafi sosai, da garin da aka auna cikin busasshen mazubi mai murfi, a haɗa sabuwa lokacin da yaro ya farka. Idan jaririn bakwaini ne ko marar lafiya, a bi abin da likita ya tsara game da ɗumin madarar da irinta, domin ga irin waɗannan an fi son madarar ruwa da aka riga aka tsarkake a masana'anta. Jaririn da ya ƙi shan madara, ko jikinsa ya yi zafi, ko ya yi laushi ba ya kuzari, a kai shi asibiti nan take, kada a jira gari ya waye.