Zafin Legas da giyar inabi: abin da na koya a bakin aiki

Lokacin da na taso daga Jos na kama aikin kai abinci a wani gidan abinci da ke Victoria Island, iyakar sanina da giyar inabi shi ne akwai ja, akwai fara. Na ɗauka sunayen Turawan da ke jikin kwalba ne za su ba ni wahala. Ashe babban abokin gabar ma'aikaci a nan zafin gari ne.

Za ka ji ana cewa ja ba a sa ta a firiji, a yanayin ɗaki ake shan ta. Ɗakin Turai ake nufi, mai digiri 16 zuwa 18. Namu kuwa yakan kai 30, kuma a wannan zafin barasa ce ke fara dukan hanci, ƙamshin inabin ya ɓace. Don haka ja ina ba ta minti 20 zuwa 30 a firiji kafin ta je tebur. Fara tana son digiri 8 zuwa 12, mai kumfa 6 zuwa 8. In ana sauri, bokiti ne mafita: rabi ƙanƙara, rabi ruwa, a watsa gishiri cikin tafin hannu, a jira minti 20. Ƙanƙara zalla ba ta yi, domin iskar da ke tsakanin dunƙulen ba ta jan zafi kamar ruwa.

Zafi na iya kashe kwalba tun ba a buɗe ta ba. Idan muka je sari kasuwar Oke-Arin, ba na taɓa kwalin da ya wuni a rana. Nakan duba lambar NAFDAC, sannan in shafa wuyan kwalbar. In murfin ɓawon itacen ya turo sama, ko na ji danƙo a wuya, to ta dahu, za ka ji tana warin dafaffen kayan marmari. A sito kuma a kwance ake ajiye su, don murfin ya zauna a jiƙe. In ya bushe sai ya tsuke, iska ta shiga.

Ɗanɗano bai zauna mini ba sai da na daina haddar kalmomin littafi na koma kan abin da harshena ya sani. Baurin nan na goro, ko na shayin da ya daɗe a buta, shi ne a cikin ja, kuma daga ɓawon inabi da 'ya'yansa yake fitowa. Ja ta inabin da ake kira Cabernet Sauvignon na da shi sosai, ta inabin Merlot ta fi laushi. Hanyar koyo ita ce kofi biyu gefe da gefe: ka juya, ka shinshina, ka kurɓa kaɗan, ka tofar, ka faɗa wa kanka wanne ya fi tsami, wanne ya fi bauri. Wannan ne ya nuna mini kuskuren da ake yawan yi da tsire. Ja mai bauri da barasa kashi 14 cikin ɗari, in ta gamu da yaji, ƙara raɗaɗi take yi. Fara mai sanyi da ɗan zaƙi, irin Riesling, ita ke kwantar da shi.

Kwalba mililita 750 ce, kofi biyar ke nan, kowanne mililita 150. Kada a wuce sulusin kofi, ƙamshi na buƙatar wuri. Kurɓin farko da ake zuba wa mai oda don a gano ɓatacciya ne: in tana warin jiƙaƙƙen kwali, murfin ya gurɓata ta, sai a canja ba gardama. Mai kumfa kuwa, yatsa a kan murfi tun daga kwance wayar da ta ɗaure shi, a karkata kwalbar, a murɗa kwalbar ba murfin ba, kuma bakinta ba ya kallon kowa. Abin da ya rage a rufe a sa a firiji, ja ko fara, kwana uku zuwa biyar.

Inda na fi taka-tsantsan shi ne teburin 'yan'uwa Musulmi. Wata kwalbar zallar ruwan inabi ce mai gas, wata kuwa giya ce da aka cire wa barasa, kuma tana iya riƙe barasa har kashi 0.5 cikin ɗari. Idan Hajiya ta ce, "Yaro, ka tabbata babu komai a ciki?" ba na amsawa da ka. Nakan juyo bayan kwalbar in ce, "Hajiya, ga rubutun, mu duba tare." In ban ga 0.0 ba, ko shaidar cewa ruwan inabi ne da bai taɓa tsimuwa ba, sai in mayar da ita in kawo zoɓo mai sanyi.