Abin da koci ya gani a wasana

Ina da shekara 22 lokacin da na gaji da teburin dala 10, wato wanda ake zama da dala 10 a fara wasa. Na fi shekara ina buga poka ta intanet, irin ta Texas Hold'em, wadda ake ba kowa kati biyu a rufe, a shimfiɗa biyar a tsakiya. A ƙaramin tebur ina ɗan samu. Amma sau uku ina hawa teburin dala 25, sau uku ana koro ni, jarina na zuba kamar an huda buhu. Kullum sai in ce rashin sa'a ne.

Kocin farko da na samu surutu kawai ya iya, ko sakamakon wasansa ya ƙi nuna min, sai na rabu da shi. Na biyun ya girme ni sosai, kuma bai yi min alkawarin komai ba. Cewa ya yi in turo masa duk hannun da na buga, wato kowane zagayen wasa, waɗanda manhajar PokerTracker ta adana, kusan 60,000.

Ranar zamanmu na farko na zo da ƙorafi. Na nuna masa inda nake riƙe da As biyu, katin da ya fi sarki ƙarfi, amma mai sarki biyu ya cinye ni. Ko kallo bai tsaya yi ba. Ya ce wannan yana faruwa kusan sau 18 cikin 100, ba abin gyarawa a nan. Sai ya buɗo wani hannun da ni na ma manta da shi. Dala 10 ce a tsakiya, an buɗe katin ƙarshe, abokin karawata ya zuba dala 10, ni kuma na bi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

"Ƙanena, me ya sa ka bi?"

"Malam, na ji a jikina burga yake yi."

"Ka zuba 10 don ka ci 20. Sai ka yi daidai sau ɗaya cikin uku kafin ka mayar da kuɗinka. Bari mu gani."

Ya tace duk hannun da suka yi kama da wannan, suka jeru a allo, jan lamba bayan jan lamba. Mutanen ƙananan tebura ba su cika burga da babban kuɗi a katin ƙarshe ba. In sun zuba, da abinsu a hannu. Na yi shiru, kunya ta rufe ni. Ashe ba lissafi ne ke sa ni bi ba, tsoron kada a raina ni ne. Wannan ramin kaɗai ya haɗiye fiye da abin da nake ci a sauran wurare, ga kuma kamashon da ake yanka a kusan kowane hannu.

Sauran gyaran bai ba ni wuya ba. In ina jiran kati ɗaya ya cika min biyar masu alama iri ɗaya, tara ne za su fisshe ni, wato kusan kashi 19 cikin 100 a kati na gaba, ni kuwa ina biyan farashin da ke buƙatar kashi 25. Mako biyu na haddace wannan.

Mai wuyar ita ce dokar jari. Ya ce kada in taka teburin dala 25 sai ina da kuɗin zama 40, wato dala 1,000, kuma in na rasa biyar in sauko ba gardama. In na rasa uku a dare ɗaya, in kashe kwamfuta. Kuɗin haya da na bashi kuwa ba sa kusantar tebur. A nan ina tare da shi ɗari bisa ɗari, domin caca ce ko da ka iya, kuma na ga yadda neman ramuwa ke hana mutum barci.

Wata biyar na yi kafin na tara. Na hau, cikin kwana tara na rasa biyar ɗin. Hannuna na kan linzamin kwamfuta, zuciyata na cewa in ƙara zama ɗaya tak. Na daɗe ina kallon allon. Daga baya na rufe, na tura wa Malam hannun daren, washegari na koma teburin dala 10. Da ya duba, kuskure biyu ya samu, duka a katin ƙarshe.