Zama da mutane kafin a rubuta labarinsu

A cikin hanyoyin binciken zamantakewa da aka koya mana a jami'a, wadda ake wa kallon mai sauƙi ita ce ta fi cin rai: ka je ka zauna cikin mutane, ka ci abin da suke ci, ka sa hannu a aikinsu, da dare ka rubuta abin da ka gani. Malamai sukan danganta kafuwarta da Bronislaw Malinowski, ɗan ƙasar Poland, wanda ya kafa tanti cikin mutanen tsibiran Trobriand da ke tekun Pasifik tsakanin 1915 da 1918, ya koyi harshensu. Abin da ya nace a kai shi ne, abin da mutane ke faɗa game da rayuwarsu daban, abin da suke yi daban, kuma ba lallai ƙarya ce ta raba biyun ba.

Ban san nauyin wannan magana ba sai da bincike kan sana'o'in matan aure ya kai ni wani ƙauye a ƙasar Zazzau. Masu takardar tambayoyi sun riga ni zuwa, kuma yawancin matan sun ce musu zaman gida kawai suke yi. Matar da aka sauke ni a ɗakinta ma haka ta ce. Amma tun da asuba take tashi ta soya gyaɗa, a kai inji, ta dawo ta matse mai, ta ɗura a kwalabe, ta murza tunkuzar ta soya ƙuli-ƙuli. Kafin hantsi 'yarta ta ɗauki faranti ta fita talla. Da yamma su baje ciniki a kan tabarma, a ware kuɗin gyaɗar gobe, a ware na zubin adashi, ragowar a ƙulle a bakin zane saboda kayan ɗakin yarinyar.

Wata rana muna murza ƙuli na ce, "Inna, me ya sa kika ce wa mutanen nan ba kya komai?" Ta ce, "'Yar nan, baƙo ya tsaya a zaure da biro a hannu, ban san ko haraji ya kawo ko tallafi ba, sai in zazzage masa cikina?" Ta yi gaskiya. Ga tsoron bakin mutane, ga kunyar a ce maigida ya gaza. Babu takardar da ke da gurbin rubuta waɗannan.

Wasu sun riga ni ganin haka. Polly Hill, wata Baturiya mai bincike, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, ta yi rubutu kan cinikin da matan kulle ke yi daga cikin gida ba tare da sun taka kasuwa ba, har da na hatsi. Enid Schildkrout kuma ta nuna a birnin Kano, a shekarun 1970, cewa yara su ne ƙafafun wannan ciniki. Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ji ana tsara yadda za a raba 'yan mata da talla ba tare da an tambayi wa zai kai kayan uwar ga masu saye ba. Ina son yarinyar ta yi karatu, matuƙa. Amma shirin da bai san da kwalaben man nan ba, a takarda zai tsaya.

Wanda ya shiga shi ke gani, kuma ba kowa ke iya shiga ba. M. G. Smith ya yi bincikensa cikin mazan Zazzau a 1949 da 1950, amma matarsa Mary ce ta zauna da wata dattijuwa Bahaushiya, Baba ta Karo, ta rubuta tarihin rayuwarta, wanda aka buga a 1954. Ni da nake mace kuma Bahaushiya, ba a tsayar da ni a zaure ba. Sai dai ɗan gida yana da tasa makantar, domin abin da ka tashi a cikinsa ba ya ɗaukar idonka. Malamina ya ce in rubuta har wanda ya fara gaida wani, da wadda ake kai wa kwanon abinci da wadda aka tsallake. A zirga-zirgar kwanonin nan na gane ƙawance da bashi da gaba na unguwar.

Abin da ya fi min nauyi shi ne amana. Idan zama ya yi tsawo, mutane sukan manta da littafin da ke jakarka. An gaya min adashin da miji bai san da shi ba, da akuyar da aka ba da kiwo a ƙauyen iyaye. Saboda haka nakan tuna musu lokaci zuwa lokaci cewa rubutu nake yi. Da na zo haɗa rahoto na sauya sunaye, na ɓoye sunan ƙauyen, na koma na karanta wa matan abin da ya shafe su. Mace biyu suka ce in cire nasu, na cire, duk da cewa su ne misalan da suka fi ƙarfafa hujjata.